Rahoton Sakatare na Ƙarshen Shekara: Aikin Taswirar Gonakin Dutse

'Yan'uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar.

An yi taron wata-wata yadda aka saba, ban da na tsakiyar damina da ruwa ya hana. Masu zuwa kuwa kun san su, fuskokin bara ne dai.

Bari in fara da abin da ake ta tambayata a zauren WhatsApp, wato ina taswirar gonakin Sukur, garin nan na kan duwatsu a jihar Adamawa, da muka yi alkawari. Ba ta kammala ba, kuma ba barci kwamitin ya yi ba. Da farko mun ɗauka hotunan tauraron ɗan'adam za su wadatar, tunda kyauta ake sauke su. Na Landsat sun faro tun 1972, amma kowane ɗigo a hotunansa masu launi yakan ci mita 30 ko fiye a ƙasa. Na Sentinel-2 sun fi kyau, mita 10, sai dai daga 2015 suka fara. To a inda dutse ya yi tsaye, hawan gona ɗaya bai wuce 'yan taku ba a faɗi, ta yaya jeren duwatsun da ke riƙe da shi zai fito a irin wannan hoto? Google Earth yana nuna jeren, amma tsofaffin hotunansa masu kaifi ba su yi nisa baya ba. Da damina gajimare ya rufe, da hunturu hazo. Dole sai an taka da ƙafa ana ɗaukar ma'auni, ga shi na'urar GPS ɗaya ce da mu, kwamfutar da muke aikin QGIS, manhajar haɗa taswira, a kanta kuma ta mataimakin shugaba ce, ita yake zuwa ofis da ita.

Ɓangaren Gwoza ba mu je ba. Kowa ya san abin da yankin ya gani tun 2014, kuma ba zan sa hannu a tura ɗan wani kan waɗannan duwatsu saboda taswira ba.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne zaman da muka yi da dattawa bayan kaka. Mun buga hotunan manya-manya, tsoho da sabo gefe da gefe, muka shimfiɗa su a kan tabarma da izinin masu gari, muka danne kusurwoyin da duwatsu saboda iska. Da farko kallo kawai suke yi. Sai wani tsoho ya gane hanyar nan mai shimfiɗar dutse da ke hawa zuwa gidan Hidi, wato sarkin Sukur, ya bi ta da yatsa, daga nan fa ba a sake jin muryarmu ba. Wannan gonar gidan wane ce, wancan kufai ne, nan da rijiya a da. Mata da suka tsaya daga baya suka matso, suka gyara wa mazan kuskure a kan inda ake shuka wake da inda dawa take.

A nan ne muka sha kunya mai amfani. Akwai wani gefen dutse da ya fito kore shar a sabon hoto, mun riga mun sa shi cikin gonakin da ake nomawa. Tsohon nan ya yi dariya, ya ce saura ce, ciyawa da ƙaya ne muke gani, rabonta da fartanya tun da mai ita ya sauka kwari. Ya bayyana mana cewa gonar dutse abu biyu ke riƙe ta: gyaran jeren duwatsu kafin saukar ruwa, da takin bijimin da ake turkewa a ramin da aka gina da dutse cikin gida. Gida ya tashi, duka biyun sun tsaya. Dutse ɗaya ya zame, ruwa ya sami hanya, ya kwashe ƙasar sama ya je ya fasa gonar maƙwabci ta ƙasa. Mun dawo mun sake duba duk inda muka yi wa alamar kore, shi ma ya ƙara jinkirin. Gara haka da mu fitar da taswirar ƙarya game da wurin da ya zama na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Sai maganar kuɗin wata. Ma'aji zai karanta lissafi, amma ku sani kuɗin buga hotunan nan da man babur daga aljihun 'yan kwamiti suka fito, har yau ba a mayar musu ba. Na kira, na tura saƙo, na bi wasu har gida. Wani ya ce sai albashi ya shigo, albashi ya shigo sau goma sha biyu. Abin da ya fi ci mini rai, waɗanda ba su biya ba su ne kan gaba wajen tura hoton zaman dattawa a Facebook suna cewa aikinmu.

Muryoyin da muka naɗa ranar zaman dattawa suna nan a waya, ba a rubuta su ba. Muna neman mutum biyu masu jin yaren Sukur su ɗauki wannan kafin damina. Wanda ke da bashi ya ga ma'aji kafin babban taro, domin za a karanta sunaye. Wanda ya ari igiyar awo kuma ya dawo da ita.

Sakatare