'Yan daba sun sa ɗana a gaba

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni tsohon soja ne, na ajiye kaki, ina zaune da matata da 'ya'yanmu. 'Yan daba sun addabi unguwarmu, yanzu kuma abin ya iso ƙofar gidana.

Da ƙwacen waya suka fara. Daga nan sai faɗa da yaran wata unguwa: a sari ɗaya yau, gobe abokansa su zo ramuwa da adduna, duk wanda suka tarar a hanya ya shiga uku. Dabarsu wani kango ne a bayan layinmu, can suke shan wiwi da ƙwaya.

Babban ɗana shekarunsa 16. Ba dukansa suke yi ba, jansa suke yi a jiki, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Su aike shi sayen taba su ce ya riƙe canji, su ce duk wanda ya taɓa shi ya gaya musu. Kwanan baya uwarsa ta tsinci wuƙa a ƙarƙashin katifarsa, an naɗe ƙotar da roba. Ya ce ajiya aka ba shi. Da na je na sami shugabansu, sai ya ce, "Baba, ka ja girmanka, mun san hanyar makarantar 'yan matanka."

Malam, ba su nake tsoro ba, hannuna nake tsoro. Ina cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Saliyo a 1998, lokacin da aka fatattaki masu juyin mulki daga Freetown aka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah. Can na ga yara ƙanana riƙe da bindiga, an ɗura musu ƙwaya, ba su san mutuwa ba balle su ji tsoronta. Har yau suna zo mini a mafarki. Waɗannan na bayan layi ma 'ya'yan wasu ne, na san iyayen da yawansu. Horon da aka ba ni kuwa ba na gargaɗi ba ne. In na kai hannu, wani ba zai tashi ba. Bindiga na mayar ranar da na bar aiki. Na kuma san kare kai iyakarsa a lokacin da aka kawo maka hari ne. In na bi su har kangon, ni doka za ta kama, iyalina su rasa mai tsaya musu.

Na kai ƙara, an kama wasunsu, amma babu maƙwabcin da ya yarda ya ba da shaida, sai aka sake su. Tsofaffin abokan aikina sun ce in ba su dare ɗaya kawai. Ban amsa ba, ban kuma ce a'a ba. Matata kuwa ta ce mu tashi, alhali fanshona ba zai ɗauki haya ba.

Yanzu a zaune nake kwana, ina sauraron kowane motsi. Yaya zan janye yaron nan ba tare da na tura shi wurinsu da zafina ba? In tura shi wajen ƙanina, ko hakan zai sa su huce a kan ƙannensa mata? Kuma wace hanya zan bi in haɗa kan iyayen unguwa, tunda kowa ya kulle ƙofarsa? Don Allah a taimaka mini da shawara.

Naka,
Wani tsohon soja