A bar 'yan nazare su ƙirga kwanakinsu, amma a sauƙaƙa wa iyaye

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani abu da ya shigo makarantun nazare a nan Legas, wanda na ga ya raba kan iyaye 'yan'uwana. Idan zangon karatu na uku ya zo gangara, wato daga ƙarshen watan Yuni zuwa cikin Yuli, sai malamai su ɗauki kwanakin da suka rage, su raɗa wa kowace rana suna, su tsara abin da za a yi a cikinta, yara suna ƙirgawa har ranar da za a ba da dogon hutu. Yau ranar sa jajayen kaya, gobe ranar sana'a, jibi ranar kayan gargajiya. Wasu iyaye sun ce ɓata lokaci ne da tatsar kuɗi. Ni kuwa ina ganin abin yana da kyau ƙwarai, yadda makarantu da yawa ke tafiyar da shi ne ya ɓata shi.

Ni mai ɗinki ce a Agege. A nan aka haife ni, fataucin goro ne ya kawo kakana unguwar Zango tun kafin a haifi mahaifina. Autata ta gama ajin ƙarshe na nazare bana. Saboda haka na ga wannan al'amari ta fuska biyu: na gan shi ina uwa, na kuma gan shi ina zaune a kan keken ɗinki.

Abin dai daga makarantun Amurka ya samo asali, inda shekarar karatu kan ƙare a watan Mayu ko Yuni. A can sukan ɗauki kwanakin makaranta 26 na ƙarshe su bi haruffan Turanci 26, kowace rana da harafinta da wasan da ya dace da shi: ranar hura kumfar sabulu, ranar zuwa da kayan barci, ranar yamutsa gashi. Malamanmu suna ganin hotunan a Facebook, abin ya burge su, su kwaso shi yadda yake. Abin da ba su kwaso ba shi ne aljihun iyayen can.

Ga yadda yake zuwa mana. Wani dare bayan sallar isha'i, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu wuta, wata maƙwabciyata ta buga mini ƙofa, hijabinta sharkaf. Ta miƙo mini waya. Saƙo ne a zauren WhatsApp na makarantar ɗanta, an turo shi da yamma: gobe ranar sana'a ce, kowane yaro ya zo cikin kayan aikin da yake so ya yi in ya girma. Yaron ya ce likita zai zama, ya yi kuka har barci ya ɗauke shi. Ba ta da farin yadi, ba ta da kuɗin saye, shaguna ma duk sun rufe. Muka warware wata tsohuwar farar riga ta mijinta, na kunna fitila mai caji na ɗora a kan taga, na taka keke har dare ya raba. Ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri sai ƙarshen wata." Na ce babu komai. Rigar nan sau ɗaya aka sa ta, an ɗauki hoto, an ninke an jefa ƙarƙashin akwati.

Ita ma ta samu wadda za ta buga wa ƙofa ke nan. Akwai iyayen da in saƙon ya zo sai kawai su ce wa yaro gobe babu makaranta, don kada ya je ya tsaya tsirara-tsirara cikin yunifom a tsakiyar likitoci da matuƙan jirgi da sojoji. Na san gidajen da yaransu suka rasa kusan rabin kwanakin nan saboda haka. Ranakun da aka ce an shirya don yaro ya yi farin ciki, su ne suka koya masa tun yana ɗan shekara biyar cewa gidansu ba kamar gidan su wane ba ne. Wannan ne ke ci mini rai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda kuɗin motar danfo da Keke Napep da cefane suka koma. A kan kuɗin makaranta a ɗora kuɗin fati, da kuɗin hayar rigar yaye da hula, da kuɗin hoto, sannan a zo da kaya kala-kala na mako uku. Na ji cewa a 2025 gwamnatin jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye, kuma ban ga laifinta ba.

Amma ban yarda da masu cewa a soke ƙirgen kwanakin gaba ɗaya ba, kuma dalilina shi ne abin da na gani a ajin 'yata.

Yaro ɗan shekara biyar bai san mako uku ba. In ka ce masa saura kwana goma sha biyar, daidai yake da ka ce masa gobe, ko baɗi. Ga shi kuma abin da ke gabansa babba ne a wurinsa: zai rabu da malamar da ta share masa majina shekara guda, zai bar kujerarsa, zai shiga aji ɗaya na firamare inda ake zaman benci da rubutu na gaske. Mu Hausawan Legas namu ma ya fi haka, domin da an ba da dogon hutu yara da yawa ake sa wa a mota zuwa Kano ko Katsina ko Sakkwato wurin kakanni, wasu kuma can ake barin su, ba za su sake ganin 'yan ajinsu ba. Yaro yana bukatar a shirya zuciyarsa ga wannan rabuwa a hankali, ta hanyar abin da zai gani da ido ya taɓa da hannu.

Malamarsu autata, wadda suke ce wa Anti, Bayarbiya ce, yarinya ce ma ba ta daɗe da fara koyarwa ba. Tun farkon zango ta aiko mana da takarda, ta ce a kwanakin ƙarshe ba za ta nemi a sayo komai ba, abin da take so shi ne gwangwanin madara wanda aka shanye, da tsofaffin kwalaye, da murafen kwalba. Ta yanka takarda ta haɗa sarƙa, zobe ɗaya rana ɗaya, ta rataye a gefen allo. Kullum da safe yaro ɗaya zai hau kujera ya cire zobe, a karanta sunan ranar da ke rubuce a ciki, sannan duk aji su ƙirga abin da ya rage da ƙarfi. Ba a ce musu darasin lissafi ake yi ba, amma kafin sarƙar ta ƙare 'yata ta iya ƙirge da baya, kuma ta gane cewa in an cire ɗaya daga tara saura takwas.

Ranar farko ita ce ranar shuka. Kowane yaro aka huda masa gindin gwangwaninsa da ƙusa, ya cika da ƙasa, ya binne ƙwayar wake biyu, aka jera a kan taga da sunan kowa. Wake ba ya ɓata lokaci, balle da damina, cikin kwana uku zuwa biyar ya fasa ƙasa ya fito a sunkuye, ɓawon yana maƙale a kansa. Anti ta ba kowa tsinken tsintsiya, kullum a kafa shi a gefen tsiron a yi alama da biro. Akwai wani yaro da nasa ya ƙi fitowa, ashe kullum tonowa yake ya duba ko ya fara. Ba ta dake shi ba, ta ba shi wani wake ta ce su yi alkawari ba za a taɓa ba sai Litinin. Yaran nan a Agege suka tashi, tsakanin kwalta da kwata, wake a leda suka san shi. 'Yata ta dawo gida ta tsaya a kan tukunya tana tambayata ko wannan da nake dafawa shi ma da an bar shi zai yi ganye. Daga nan babanta ya zaunar da ita yana ba ta labarin gonar kakanta, har ta sa aka kira tsohon a waya.

An yi ranar kasuwa, murafen kwalba ne kuɗi, aka kasa duwatsu a matsayin tumatir da attaruhu kamar a kasuwar Mile 12, masu saye suna taya masu sayarwa suna albarka. An yi ranar ruwan sama, suka ninka jiragen ruwa na takarda suka saka a baho. Ita ma ta yi ranar sana'a, sai dai iyaye ta gayyata maimakon ta sa a ɗinka kaya. Wani uba mahauci daga mayankar Oko-Oba ya zo, wata uwa nas ta zo da abin sauraren ƙirji ta bar kowa ya ji bugun zuciyarsa, ni ma na je da tef da alli na auna tsayin kowane yaro na rubuta masa a kwali. Da kun ga fuskar ɗan mahaucin nan lokacin da 'yan aji ke yi wa babansa tambayoyi. A waccan makarantar ta ɗan maƙwabciyata, yaro ba zai taɓa zuwa a matsayin mahauci ko tela ba, kowa likita ne.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ranar harshen gida. A Legas tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, kuma yaranmu suna jin sa, wannan alheri ne a gare su. Amma Hausa a aji, sau da yawa tsawa take jawo wa yaro. Ranar nan Anti ta ce kowa ya koya wa aji gaisuwa da ƙirge zuwa biyar da harshen gidansu. Aka ji Yarbanci, aka ji Ibo, aka ji Hausa, har da Zabarmanci daga bakin wani yaro da iyayensa suka zo daga Nijar. Kakar wata yarinya ta zo ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, jikar tana fassarawa. Ranar kayan barci da ta yamutsa gashi kuwa, da muka gaya mata cewa 'ya'yanmu mata da hijabi suke zuwa kuma ba ma fitar da yaro titi da kayan kwana, ba ta ja ba, ta musanya su. Saura kwana biyu a tashi ta jera su ta kai su aji ɗaya na firamare, suka zauna a benci, suka gaisa da sabon malaminsu, aka nuna musu inda bayi yake.

Duk wannan bai ci wa kowane gida ko kwabo ba, kuma ban ji yaron da aka ajiye a gida don kunya ba.

Kirana ga masu makarantu, musamman na unguwanninmu irin su Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da Obalende, shi ne su ba iyaye jerin ranakun nan tun farkon zango na uku, su daina turo saƙo da yamma a ce gobe. Kada a sa ranar da sai an sayi kaya ko an ɗinka kafin yaro ya shiga cikinta. Ofishin da ke duba ingancin makarantu na jihar Legas, in ya zo zagaye, ya riƙa tambayar kuɗaɗen ƙarshen shekara da ake karɓa bayan kuɗin makaranta. Mu iyaye kuma mu daina guje wa taron iyaye da malamai muna gunaguni a bakin famfo. Mazanmu suna kasuwa, gaskiya ne, amma mu mata za mu iya zuwa mu faɗi abin da ya fi ƙarfinmu tun a watan Satumba, kafin a tsara na baɗi. Duk malamar da ke son ƙyallaye don irin wannan aiki, ta tambayi teloli na unguwarta, buhu-buhu muke zubarwa.

Wassalam.

Wata uwa mai ɗinki,
Agege, Legas.