Biskit mai tagar alawa: a daidaita shi da yanayinmu kafin Sallah

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani nau'in biskit da 'yan'uwana mata masu sana'ar kayan fulawa suka fara sha'awa, wato wanda ake huda tsakiyarsa a zuba dakakkiyar alawa, idan ya gasu alawar ta narke ta sake daskarewa, har mutum ya hango haske ta cikinta. Asalinsa daga Turai da Amurka yake, inda ake yin sa lokacin Kirsimeti, a zura masa zare a rataye a jikin bishiyar bikin, kuma tagogin majami'u masu gilashi kala-kala aka kwaikwaya. A ganina ya cancanci shiga farantin Sallah kusa da cincin da dubulan da alkaki, amma ba zai yi mana kyau ba muddin muna bin hanyar mutanen ƙasashen sanyi ido rufe, alhali zafinmu da laimarmu da murhunmu duk sun bambanta da nasu.

Abu na farko da ya kamata mai gashi ta sani shi ne halin ita alawar. Alawa mai tauri sukari ne da ruwan gulukos da aka dafa har zafinsu ya kai kimanin digiri 150 a ma'aunin salshiyos, ruwan ciki ya kusa ƙonewa gaba ɗaya. Wannan ne ya sa take narkewa garau a wuta, kuma shi ne ya sa take zuƙar danshin iska da zarar an fitar da ita daga ledarta. Turawa suna yin nasu biskit ɗin a watan Disamba, a ɗakunan da iskarsu ta bushe. Mu ma da hunturu ba mu da matsala, kuma 'yan'uwanmu Kiristoci na ƙasar Zuru da Yauri sun yi dace, domin bikinsu yana faɗowa a tsakiyar bushewar iska. Amma Sallah tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris, cikin bazara, aka yi Babbar Sallah a farkon Yuni, damina ta kunno kai. Matar da ta gasa wannan biskit da damina ta bar shi a buɗe a tire, kafin gari ya waye tagar ta dushe ta yi danƙo, ta manne da na kusa da ita. Maganinsa shi ne a gasa ana gobe Sallah ko ana jibi, a bari ya huce sarai, a jera a mazubi mai murfi da ba ya shigar da iska, a raba kowane jeri da takardar gashi. Kada a sa shi a firij, domin idan aka fito da shi gumi zai kama alawar.

Zafin bazara kuwa kwaɓin yake ɓatawa. Bota tana fara narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, ga shi a Birnin Kebbi da Argungu zafin rana yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Saboda haka a yi kwaɓi bayan sallar asuba: fulawa giram 300, bota giram 150, sukari giram 100, ƙwai 1 da ɗan gishiri, ba tare da bakin hoda ba, don kada ya kumbura ya toshe ramin. Na rage sukarin da gangan, tunda alawar kanta sukari ce zalla. A murza kaurinsa ya kai rabin santimita, a yanka da bakin kofi, a huda tsakiya da murfin kwalba.

Batun wuta ne ya fi damuna, domin akasarin matanmu ba su da obin, da tukunya da rairayi suke gasa kek, garwashi a ƙasa garwashi a kan murfi. Wannan hanya tana yi, kuma ban yarda a raina ta ba, sai dai ba ta da ma'auni. Mai obin za ta saita shi a digiri 175 ta jira minti 8 zuwa 10. Mai tukunya kuwa ya fi mata ta fara gasa biskit ɗin shi kaɗai har ya kama jikinsa, sannan ta zuba garin alawar a ramin ta mayar da murfi na ɗan lokaci, tana leƙawa, domin sukari idan ya wuce iyaka yana tafasa ya yi kumfa, ya koma ruwan ƙasa mai ɗaci. Dole a shimfiɗa takardar gashi a ƙarƙashi, shafa mai a tire ba ya hana alawa kamawa. Kuma kada a ɗaga biskit ɗin sai tagar ta yi tauri.

Ina jan hankalin iyaye mata da babbar murya cewa narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma yana manne wa fata. Yara suna son wannan aiki, a ba su rarraba alawa launi-launi da daka ta a cikin leda, amma a kore su daga gaban murhu. Idan tsautsayi ya auku, a zuba ruwa mai sanyi a wurin na kimanin minti 20, a bar shafa man goge baki ko ƙwai, a garzaya asibiti in ƙunar ta yi girma.

Zaɓen alawa ma yana buƙatar lura. Mai madara da mai cingam a ciki da mai taushi ba sa fitar da taga mai haske, mai sanyin maƙogwaro irin Tom Tom kuma ɗanɗanonta ba ya tafiya da bota. A nemi mai ɗanɗanon 'ya'yan itace wadda ake gani ta cikinta, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinta, musamman ga wadda za ta sayar wa jama'a.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne shafin mata na wannan jarida ya nemi masu gashi daga Kebbi da Zamfara su gwada wannan biskit a tukunyar rairayi, da rani da kuma damina, a buga abin da suka gani da Hausa da awon kofi da gwangwani, tun kafin azumi ya kama, domin matan da ke neman jarin Sallah su samu lokacin koyo.

Wassalam.

Taka mai karatu,
Wata mai sana'ar kayan fulawa,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.