Wasiƙa zuwa ga Habibu kan ɗora wa tarakta loda

Samaru, Zariya.

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ya Jalingo, ya aiki? Nan Zazzau hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari, masara kuwa sai shiga kasuwar Giwa take yi.

Saƙonka ya iso tare da hotunan taraktar. Ka ce mai ƙarfin doki 35 ce, tana da fowil, kuma ka samu loda, wato hannayen ƙarfe masu bokiti da ake ɗaurawa a gaban tarakta, 'yar kwatano kana so a ɗora mata don kwashe taki a garke, ɗiban yashi, ɗaukar buhuna da gyaran hanyar gona. Na yi murna ƙwarai, domin za ta rage maka wahala fiye da yadda kake zato. Sai dai na lura duk tambayoyinka a kan bokiti suke: ƙugiya, haƙora, cokulan ƙarfe na ɗaukar kaya. Don Allah ka bar bokitin nan tukuna. Abin da zai sa ka ji daɗin loda ko ka yi da-na-sani yana ƙarƙashin taraktar ne da bayanta.

Ka kwanta ka leƙa ƙarƙashinta. Yawancin ƙananan taraktoci ba su da shasi irin na mota. Injin da gidan kulochi da giyabos aka ɗaure da juna da kusoshi, su ne ƙashin bayanta, kuma duk ƙarfen zubi ne. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Idan mai walda ya kafa ginshiƙan loda a jikin gidan kulochi kaɗai, duk sanda ka soka bokiti cikin tsibin marmara, bugun nan a wuri ɗaya yake sauka, wata rana sai ka ji ƙara, tarakta ta rabu gida biyu. Saboda haka sai an yi mata firam: dogayen ƙarafa biyu, dama da hagu, daga gaban injin su bi ta gindin ginshiƙan har su kama aksil na baya, yadda turin zai rarrabu. Farantin da ke riƙe ginshiƙi kada ya gaza milimita 12 kauri. A yi amfani da ramukan kusa da kamfani ya riga ya huda, kada a huda sabo a jikin zubi, kada kuma a yi masa walda. Kusoshin su zama masu lamba 8.8 ko 10.9 a bisa kai. Wanda ba shi da lamba ka bar wa mai shago kayansa, araha ba ta ado. Bayan awa goma na farko na aiki ka sake bin su da sufana ɗaya bayan ɗaya, domin suna saki, kuma kusa mai lilo ita ce ke cinye zaren ramin.

Sai nauyin baya, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa maimakon in kira ka. Loda tana mayar da tarakta kamar sikeli, tayoyin gaba su ne tsakiyarsa. Bokiti mai cin rubu'in mita kubik, idan ka cika shi da busasshen yashi, kilo 400 ke nan, jiƙaƙƙe kuma ya fi haka, ga nauyin lodar kanta. Duk wannan yana gaban aksil na gaba, sai baya ya yi sakayau. To birkin irin waɗannan taraktoci a tayoyin baya yake. Ka sauko gangara da cikakken bokiti, bayan ya ɗan ɗaga, ka taka birki ka ji wayam. Ga kuma aksil na gaba, a kan fin guda ɗaya yake lilo a tsakiya, ba ya hana tarakta kifewa gefe. Tayoyin baya ne ke riƙe ta, su kuma sai da nauyi a kansu.

Maganinsa ba tsada. Ka samu durom mai lita 200, ka huda shi gefe da gefe, ka zura sandar ƙarfe mai kauri ta fito ta kowane ɓangare, a sassaƙe bakinta biyu su dawo milimita 22, wato daidai ramin hannayen da ake ɗaura garma a tarakta irin taka. Kafin ka huda, ka ajiye durom ɗin a ƙasa, ka sauke hannayen ka ga inda suka kai, a nan za ka yi alama. A sama a kafa kunnuwa biyu na hannun tsakiya, fin ɗinsa milimita 19 ne, a bar gindinsu ya nutse cikin kankare sosai. Sannan a cika da kankare, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhu ɗaya da rabi na siminti ya isa, kuma zai ba ka kusan kilo 480. Tun yana ɗanye ka soka guntayen bututu biyu ko uku a tsaye, nan gaba su ne mazaunin cebur da diga. Ka yi ta ba shi ruwa mako guda kafin ka ɗaga shi.

Za ka ji masu faci suna cewa a ɗura ruwa a tayoyin baya ya wadatar. Ruwan yana da amfani, ka sa shi. A ɗaga tayar da jak, a juyo bakin iska ya koma can sama, a ɗura har ruwa ya kai bakin, wato kashi uku cikin huɗu, sauran a cika da iska. Taya mai lamba 12.4-24 tana shan sama da lita 100. Ruwa zalla za ka zuba. Gishirin da ake haɗawa a Turai da Amurka don kada ruwan ya daskare ne, mu ba mu da wannan matsalar, kuma yana cin rim. Amma ka gane bambancin: ruwan taya yana danne baya ne kawai, durom kuwa da yake yana bayan aksil, yana kuma sauke wa aksil na gaba kaya. Shi ke tsare maka boris da sil na gaba. Idan rim ɗinka na juyawa ne, ka buɗa tayoyin baya su ƙara faɗi. Na gaba kuma a ba su iska daidai iyakar da aka rubuta a gefensu.

Wajen haidirolik nan ne bakanike mai gaggawa ke yin ɓarna. Famfon taraktarka yana tura mai ne ba tsayawa, man yana zagayawa ya koma giyabos. Idan aka yanka layin aka sa mahaɗa mai baki uku don a ba loda, man zai bi hanyar da ta fi sauƙi ya gudu, loda ba ta ɗaga ba, hannayen baya ma sun mutu. Hanyar daidai ita ce man ya fito daga famfo ya shiga bawul ɗin loda ta ƙofar da aka buga wa P, ya fita ta ƙofar da aka buga wa PB ko N ya wuce zuwa hannayen baya, sannan tiyo na uku daga ƙofar T ya koma giyabos kai tsaye. Tiyo uku ke nan, ka ƙirga da idonka. Idan biyu ka gani, an mayar da ƙofar T hanyar wucewa, kuma ba a yi ta don matsi ba. Ranar da ka ɗaga durom ɗin nan, sil ɗin bawul zai fashe ko jikinsa ya tsage. Ka nemi bawul mai liba biyu wanda libar ɗagawa ke maƙalewa in an danna ta gaba har ƙarshe, bokiti ya riƙa bin ƙasa da nauyin kansa. Da shi ake share hanya ana ja da baya, ta fito sumul.

Tiyo ya zama mai waya ninki biyu. Matsin man yana kai wa 160 ko fiye a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma a wannan matsin silinda mai faɗin milimita 50 tana tura kusan tan uku ita kaɗai. Kada ka yarda kowa ya ƙara ɗaure bawul ɗin kariya wai don loda ta ƙara ƙarfi, famfo da aksil ne za su biya. In kana neman inda mai ke yoyo, da guntun kwali ake nema, ba da hannu ba. Tsirin man yana huda fata kamar allura, ramin ɗan ƙarami, amma aikin asibiti ne na gaggawa. Bayan an gama haɗawa a ɗaga a sauke sau goma don iska ta fita, a duba mai a ƙara, da irin man da littafin taraktar ya ce, domin shi ne dai ke wanke giya, a wasu ma har da birki.

To yanzu ga bokitinka. Ƙugiyoyin sarƙa biyu, na sarƙar milimita 10, a kafa su a leɓen sama daidai saitin hannayen loda. Kada a sa guda ɗaya a tsakiya, leɓen zai lotsa. A fara shimfiɗa ƙarfen angul daga wannan gefe zuwa wancan, ƙugiyoyin su hau kansa. Sandar walda mai lamba 7018 ce ta dace, busasshiya, ba 6013 da ake yin ƙofa da taga ba. Kafin a kunna injin walda a cire kan batir, a maƙala wayar ƙasa a jikin bokitin kusa da wurin aikin don wuta kada ta bi ta fin da boris, a kuma rufe sandunan silinda da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ɗigon walda guda a kan sandar nan mai sheƙi ya isa ya yi ta yanka sil. Ƙugiyar ta ɗagawa ce. Jan kututture ko motar da ta kafe, daga ƙarfen ja na baya ake yi, ƙasa da aksil.

Haƙora ka yi su a kan faranti ɗaya mai kusa biyu a gefe, ka ɗaura in za ka haƙi busasshiyar ƙasa, ka cire in za ka share daɓen garke. Cokula masu kamawa a leɓen bokiti ba na son su sosai. Suna tura kaya gaba da nisa, ƙarfin ɗagawa ya ragu, leɓen ya lanƙwashe. In dole ne, buhun masara biyu a kusa da gindi, kada ka wuce haka. Abin da zai fi yi maka amfani kullum ɗan ƙaramin abu ne: siririn rodi a jikin bokiti, yana zamewa cikin guntun bututu a hannun loda, da alamar fenti a inda bokiti ya kwanta daidai. Daga kujera ba ka ganin leɓen, rodin ne idonka. Ka sa raga ta ƙarfe a gaban lagireto. Fitila kuma, tunda bokiti zai tare na gaba, a ɗaura ta da maɗauri a jikin ƙarfen kariya na bayan kujera, ban da huda shi, ban da walda.

Yaron da zai riƙa tuƙa ta ka zaunar da shi. Kaya a ƙasa-ƙasa ake tafiya da su, kamar taƙi biyu daga ƙasa, ba a ɗagawa sai an tsaya a gaban tirela, ba a kuma juyawa da bokiti a sama. A gangara fowil a ciki, a ɗaura bel. Yara za su roƙi a ɗauke su a bokiti, kada a fara ko sau ɗaya. In an tashi aiki a sauke bokiti ƙasa, a kashe injin, a kaɗa libobin don matsi ya fita. Giris a kowane fin duk awa goma, har sai tsohon ya fito baƙi ta gefe, kuma da ƙurar rani da ƙaiƙayin sussuka, ragar lagireto da filtar iska kullum ne.

Kafin ka sayi tiyo ko ɗaya, ka turo mini hoton bawul ɗin ta gefen da aka buga haruffa, da hoton ƙarƙashin taraktar dama da hagu, in ga ramukan da ke akwai. In ba a samun kusoshi masu lamba a nan wajenku, ka auno tsawo da kauri, in saya a Sabon Gari in ba direba.

Ka gaishe mini da Baba da kyau, da maiɗakinka da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Naka,
Lawal