Tambayar kuɗin baiko ba girman kai ba ce

Malam Edita,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Maganar da baƙonku ya yi a shirinku na rediyo na yammacin Lahadi, wai mai tawali'u ba ya tambayar inda baiko ya tafi, ta ɓata mini rai ƙwarai. Mai gabatarwa kuma ya amsa da "amin" ya wuce. Da irin wannan koyarwa ake rasa kuɗin rufin majami'a, kowa ya sunkuyar da kai yana cewa Allah ya gani.

Manzo Bulus bai yi haka ba. A 2 Korintiyawa 8:18-21, da zai aika gudummawar tsarkaka, ya haɗa Titus da wani ɗan'uwa wanda ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi. A 2 Sarakuna 12:10 ma, idan akwati ya cika, magatakardan sarki da babban firist ne suke ƙirgawa tare. Su waɗannan ba su san tawali'u ba ne?

Aikin ba wuya. Da an tashi sujada, mutum uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba su ƙirga baikon a cikin majami'a, kada a kai shi ɗakin kowa. Zakka daban, godiya daban, kuɗin gini daban, na gwauraye da marayu daban. A rubuta jimla da biro, da lamba da kuma kalmomi, su ukun su sa hannu. Ranar Litinin a kai banki, a maƙala takardar banki a shafin wannan Lahadin. Mai riƙe littafi kada ya zama shi ne mai riƙe kuɗi. Cire kuɗi sai da hannun mutum biyu cikin uku, saƙon banki kuma ya riƙa shiga waya biyu. Masu turo baiko ta waya su tura asusun ikilisiya, ko da fasto waliyyi ne kada a ba da nasa. Kowane wata ma'aji ya karanta rahoto a gaban dattawa, ƙarshen shekara a gayyato masu bincike daga wata ikilisiya.

Ɓarnar ba ta cika farawa da sata ba. Ma'aji ya kwana da kuɗi a gida, wani dattijo ya zo rancen kuɗin taki sai kaka, kunya ta hana a rubuta. Damina ta yi gardama, bashi ya kwanta, sai a ɗebi na gini a toshe ramin. Bayan shekara biyu babu wanda zai iya warware lissafin, mutumin kirki ya tashi da sunan ɓarawo. Ma'aji ne rasit yake karewa kafin kowa.

Inda tawali'u yake shiga shi ne yadda za a yi tambayar, Matiyu 18:15-17 kuwa ya shimfiɗa hanya: ka sami wanda abin ya shafa kai kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Ba a fara da WhatsApp na zumunta. Masu ilimin lissafi da ke cewa "ni ban isa ba" ranar zaɓen ma'aji, su bar wa tsohon da ido ya gaza littafi, su ma gudun nauyi suke yi. Ku gayyato ma'ajin da ya san aikin ya gyara wannan magana a shirin mako mai zuwa.

Wani abu kuma: mai gabatarwarku ya rage cusa Turanci. Iyayenmu a ƙauye suna kunna rediyo don su ji Hausa, rabin zancen yana wuce su, ayoyin ma ba ya faɗin sura.

Naku cikin Almasihu,
Wani dattijon ikilisiya, Kaltungo