Wasiƙa Daga Damagaram Kan Littattafan da Ka Aiko

Zinder, cikin bazara

Zuwa ga aminina kuma ɗan'uwana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da karatunka da zaman baƙunta a Rabat. Mu a nan lafiya lau muke, sai zafin bazara da ka sani, wanda tun daga hantsi yake hana yara hawa duwatsun Birni. Saƙonka ya iso wata uku da suka wuce ta hannun ɗan'uwan nan da ya zo hutu, kuma na jinkirta amsa ne har sai na karance abin da ke cikin kwalin, domin na san ba godiya kaɗai kake jira daga gare ni ba, kana son ka ji yadda littattafan suka zauna mini a rai. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Kai a bakin teku ka karanta su, ni kuwa yawancinsu na karanta su ne da dare, zaune kan tabarma kusa da famfon gidanmu, jarkoki jere a gabana, ina jiran ruwan da a wannan lokaci na shekara ba ya zuwa sai tsakar dare ya gota, wani daren ma ba ya zuwa sam. Ko da gangan ka zaɓo su ko kuwa dace aka yi, dukansu labaran hamada ne, saboda haka ma'aunin da na auna su da shi guda ɗaya ne: shin marubucin ya san ƙishirwa, ko kuwa kallonta ya yi daga nesa kamar yadda baƙo yake kallon ayarin raƙuma?

Na fara da mai kaurin, wato Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965, a fassararsa ta Faransanci. Shafuka hamsin na farko sun wahalar da ni saboda yawan sunayen gidajen sarauta da makircin fada, amma da labarin ya sauka a duniyar Arrakis sai na kasa ajiye shi. Ba manyan tsutsotsin rairayin nan da kowa yake magana a kansu ne suka kama ni ba, kuma ba sinadarin da dauloli suke yaƙi saboda shi ba. Abin da ya tsayar da ni lissafi ne. Akwai wurin da aka nuna itatuwan dabino ashirin a gaban fadar mai mulki, aka ce kowace bishiya tana shan lita 40 a rana, alhali mutum ɗaya lita 8 ta ishe shi, don haka talakawan da suke wucewa ba dabino suke gani ba, rayukan mutum ɗari suke gani a tsaye. Aminina, na ajiye littafin a nan na daɗe ina shiru, domin irin wannan kallon na sha ganinsa a idon matan unguwa idan suka wuce ƙofar gidan da ake wanke mota da tiyo, su kuwa da tulu wayam a ka. Haka nan akwai mai tallar ruwa da yake kira a titin birnin, kamar ƴan garuwanmu da kurarsu, akwai kuma al'adar fada ta jiƙa tawul a zubar a ƙasa domin mabarata su matse. Mutumin da ya lura da waɗannan ya gane cewa ƙarancin ruwa ba ya tsayawa a maƙogwaro, yana shiga har cikin yadda ake raba daraja tsakanin mutane.

Mutanen hamadar, waɗanda ya kira Fremen, su ne zuciyar littafin. Suna sa tufar da take tattara gumin jiki ta mayar da shi abin sha, tofar da yawu a gaban mutum girmamawa ce a wurinsu tunda ka ba shi daga danshin jikinka, kuma idan ɗayansu ya mutu sukan tace ruwan jikinsa su mayar wa jama'a. Lokacin da Paul, jarumin labarin kuma ɗan mai mulkin da ya zo daga wata duniya, ya kashe wani a faɗan gaba da gaba, ruwan mamacin ya kama lita 33 da ɗoriya, wato jarka ɗaya da ɗan ƙari, kuma da Paul ya zubar da hawaye a wurin makokin sai jama'a suka cika da mamaki cewa yana ba matacce ruwa. Tace gawa ya ɗaga mini hankali, kamar yadda zai ɗaga wa duk wanda ya taso yana ganin ana yi wa mamaci wanka da sutura, amma ban ga ƙarya a cikinsa ba, domin marubucin ya bi tunaninsa har inda ya kai shi.

Inda muka rabu da shi shi ne batun Mahadi. Ya ɗebi kalmomi daga Larabci da addininmu ya zuba a bakin Fremen, sannan ya nuna cewa begen mai ceton da suke jira wata ƙungiya ce daga waje ta shuka shi a cikinsu tun ƙarnoni, domin ranar da ɗaya daga cikin mutanenta zai buƙaci mafaka. Na fahimci gargaɗin da yake yi game da bin shugaba ido rufe, kuma gargaɗi ne mai nauyi. Sai dai mu a wannan yanki ba a littafi muka fara jin sunan Mahadi ba, kakanninmu sun ji labarin abin da ya faru a Satiru kusa da Sakkwato a 1906, kuma mutanen da suka tashi a can ba wani baƙo ne ya rubuta musu begensu ba, daga imaninsu da ƙuncin da suke ciki ya fito. Ya yi mini ciwo in ga mutanen da suka fi kowa sanin ƙasarsu, waɗanda suka tara ruwa ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin duwatsu saboda jikokin da ba za su gani ba, a ƙarshe sun zama takobi a hannun ɗan sarkin da ya sauka jiya. Ina so in ji ra'ayinka a kan wannan, domin kai ka fi ni haƙuri da marubuta.

Littafin Nnedi Okorafor, The Shadow Speaker na 2007, shi ne na fi ɗoki a kansa, saboda ka rubuta a bangonsa cewa a Nijar aka kafa labarin, a shekarar 2070. Da Ingilishi yake, don haka na bi shi a hankali da ƙamus a gefe. Labarin yarinya ce mai suna Ejii wadda take jin maganar inuwa, a zamanin da yaƙi ya sauya duniya har sihiri ya dawo cikinta, ta ga an sare kan mahaifinta a gabanta, daga baya kuma ta bi sawun matar da ta sare shi zuwa cikin hamada a kan raƙumi mai magana. Ba zan ɓoye maka ba, ganin sunan Agadez a cikin labarin da yake hasashen gobe ya sa tsigar jikina ta tashi, domin mun saba ganin sunan ƙasarmu a rahoton fari da yunwa kawai. Na ji daɗin yadda ta haɗa na'ura da aljanu a wuri ɗaya ba tare da ta nemi afuwar kowa ba, kamar yadda a wurinmu mutum yake riƙe da wayar salula a hannu da laya a damtse. Duk da haka, a kunnena hirar mutanen ba ta yi kama da hirar da nake ji a Kasuwar Dole ko a tasha ba, babu doguwar gaisuwar da take gabatar da kowace magana, babu barkwancin taubasai. Marubuciyar ƴar asalin ƙabilar Ibo ce da aka haifa a Amurka, ta kuma yi mana karamci da ta tuna da mu, amma hamadarta fagen al'ajabi ce fiye da wurin zama.

Manga kuwa, wato littattafan labarin zane na Japan, na ɗauke su da farko a matsayin abin yara, sai suka ba ni mamaki. Ƙanena ne ya fara lura cewa daga dama ake buɗe su zuwa hagu, ya ce ai wannan irin karatun allo ne, kuma lallai hannun da ya saba da Alƙur'ani da ajami bai sha wahalar juya shafin ba. Sand Land na Akira Toriyama, wanda ya zana a shekarar 2000, juzu'i ɗaya ne tak, na gama shi kafin ruwa ya zo a dare guda, amma a cikin duk abin da ka aiko shi ne ya fi faɗin gaskiya kai tsaye. Kogin ƙasar ya ƙafe, sarki ne kaɗai yake da ruwa, yana sayar da shi da tsada, sai wani tsohon jami'in tsaro ya nemi taimakon wani yaro ɗan sarkin shaiɗanu, suka saci tankar yaƙi suka shiga neman wani tafki da ake labari. Abin da suka tarar a ƙarshe shi ne kogin bai mutu ba, datse shi aka yi. Kafin nan ma an taɓa yaudarar tsohon ya hallaka wata al'umma da take ƙera na'urar samar da ruwa, aka ce masa makami suke haɗawa. Na ɗan yi jim da ganin an mayar da shaiɗan jarumi, amma da na ci gaba na ga abin da mai zanen yake nufi: mugun abin da yaron yake alfahari da shi bai wuce ƙin goge baki da kwana a makare ba, alhali mutane masu kaki da rawani su ne suka kashe ƙasa da ƙishirwa. Toriyama ya rasu a watan Maris na 2024, kuma samarin fadarmu ta hira da shayi da Dragon Ball kaɗai suka san shi, shi ya sa yanzu littafin yana yawo hannu zuwa hannu har bangonsa ya fara saki.

Juzu'an One Piece da ka haɗo, na tafiyar Alabasta, sun fi hayaniya da yawan faɗa, kuma akwai shafukan da na wuce da sauri. Amma akwai hodar nan da ake ƙonawa ta jawo ruwan sama a gari ɗaya ta hana maƙwabta, har aka ɗora wa sarkin ƙasar laifin da bai aikata ba, jama'a suka ɗauki makami. Akwai kuma dattijon garin Yuba, wanda kowa ya watse ya bar shi bayan shekara uku babu ruwan sama, shi kuwa kullum yana haƙa rairayi, guguwa tana cikewa yana sakewa. Da ya samu ɗan abin da ya samu sai ya ba Luffy, jarumin labarin, a ƙaramar gora, yaron nan mai haɗama kuwa ya ƙi sha, ya ce ruwan da tsoho ya kwana yana haƙa ba a kwankwaɗe shi haka kawai. Na tuna kakanka, Allah ya jiƙansa, yadda yake alwala da rabin buta ya rage saura.

Ga abin da yake cina tun da na rufe na ƙarshe. Garinmu shi ne babban birnin Nijar har zuwa 1926, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka mayar da mulki Yamai, bakin kogi. Yau shekaru da yawa ke nan muna jawo ruwa daga nesa, daga Gogo da Machaya, daga Arungiza, daga Ganaram, gari yana girma yana tsere wa bututu. Wa ya fi mu sanin wannan labari? Amma Ba'amurke ne da Japanawa suka zauna suka yi hasashensa. Kuma ba za a ce harshenmu bai saba da irin wannan rubutu ba, tunda Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun 1934, tafiya ce ta neman ruwa mai warkarwa har cikin ƙasar aljanu, Umaru Dembo kuma ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Hanyar tana nan, ciyawa ce ta rufe ta.

Saboda haka na sayi kaye, wato littafin rubutu, na fara rubuta wani abu da Hausa a daren da nake jiran famfo. Labarin wani ɗan garuwa ne a Damagaram ta shekaru ɗari masu zuwa, lokacin da ake tatsar ruwa daga iskar hunturu a kan duwatsun Birni, kuma kowane gida yana da ma'aunin da yake ƙirga masa ɗigo. Na kai shafi goma sha ɗaya, na tsaya a inda zai yanke shawarar ko ya sayar wa mai kuɗi jarkarsa ta ƙarshe ko ya kai wa gidan da ake wankan gawa. Idan ka yarda zan ɗauki hoton shafukan in turo maka ta WhatsApp, da sharaɗin ka gaya mini gaskiya kamar yadda na gaya maka tawa a kan waɗannan.

In ka samu mai zuwa kafin damina, ka taimaka mini da littafi na biyu na Dune, domin ina son in ga abin da Herbert ya yi da Mahadin nasa bayan ya hau gadon mulki. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka saboda iskar teku. Mutanen fada duka suna gaisuwa, har yanzu ba wanda ya gaje ka wajen haɗa shayi na biyu. Ka gaishe mini da ƴan'uwanmu ɗalibai da ke can.

Wassalam,
Naka amini, daga Damagaram