Mayawa ba daula ɗaya ba ce

Edita, assalamu alaikum. A ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu gyara wani kuskure da muke yawan ji a bakin ɗalibai a nan Maradi, wai Maya, mutanen Yukatan da Gwatamala a nahiyar Amurka, daula guda ce da Turawan Sifaniya suka ci dare ɗaya. Sam ba haka ba ne.

Tun wajen 1441, da gidan sarautar Xiu ya yi wa gidan sarautar Cocom tawaye, babban birninsu Mayapan ya watse, yankin Yukatan na ƙasar Meziko ya rabu gida wajen 16. A wasu ƙasashen akwai babban sarki, halach uinic, masu garuruwa kuma batab, kamar hakimai a wurinmu. Ɗan Maradi ba sai an yi masa dogon bayani ba: Katsinawa da Gobirawa harshe ɗaya, amma kowa da sarkinsa.

A 1517 Hernandez de Cordoba, Baturen Sifaniya, ya taso daga Kyuba da jirage 3 da mutum wajen 110. Ƙishirwa ce ta karya shi. Gangunan ruwansa suna yoyo, ga shi arewacin Yukatan babu kogi a sarari, ruwan yana ƙarƙashin dutse. Kuma duk inda ka ga rijiya, akwai masu ita. A Champoton suka sauka ɗiban ruwa, suka kwana a tudu, gari na wayewa dakarun sarki Moch Couoh suka yi musu zobe. Bindigar wancan zamani kafin a sake ɗura ta, kibau sun sauka kamar ruwan sama, Mayawa kuma sanye da rigunan auduga masu kauri irin lifidinmu. Turawa sama da 50 suka mutu. Cordoba ya koma Kyuba jina-jina, raunukan suka yi ajalinsa.

Kada a manta da Gonzalo Guerrero, Baturen Sifaniya wanda jirginsu ya nutse a 1511. Ya auri ƴar sarautar Chetumal, ya haihu, ya zama jarumin yaƙinsu. Da Cortes, jagoran Turawan da suka ci Azteka, ya aika masa a 1519, ƙememe ya ƙi komawa.

Azteka na tsakiyar Meziko, masu babban birni guda, sun faɗi a 1521. Francisco de Montejo na Sifaniya kuwa ya shiga Yukatan a 1527, sau biyu yana janyewa, don in ya ci gari yau, ya juya baya, gobe an tayar. Abin da ke mana ciwo shi ne sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga: a 1536 Nachi Cocom ya kashe manyan Xiu a kan hanyarsu ta ziyara zuwa Chichen Itza, wurin ibadarsu, Xiu suka bi bayan Turawa, ɗan Montejo ya kafa birnin Merida a 1542.

Duk da haka Nojpeten, birnin Mayawan Itza a tsibirin tafkin Peten na Gwatamala, bai faɗi ba sai 1697, da Martin de Ursua ya harhaɗa jirgin yaƙi a bakin tafkin.

Wassalam.

Wasu malaman tarihi, Maradi